Haɗa katun a ɗaki: me za a fara saya, me za a bari sai gaba?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato haɗa fim ɗin katun da kwamfutar gida. Na zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, tun ina firamare nake zane. Burina in mayar da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi katun. Ina da tsohuwar laftof mai RAM 8, abokaina kuma sun ce sai na sayi irin ta masu buga gem. In ci gaba da tara kuɗi ne, ko in fara da wadda nake da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara, yau ba gobe ba. Abokanka sun haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai katun na zane shimfiɗaɗɗe, wanda ake kira 2D, akwai kuma na mutum-mutumi mai kauri da inuwa, wato 3D. Na biyun ne mai cin ƙarfin kwamfuta. Kai da hannunka ya riga ya faɗa a zane, na farkon ne gonarka, kuma laftof ɗinka za ta ja shi.

In akwai abin da za ka yi mata, abu biyu ne. In har yanzu tsohon hadis mai juyawa ne a cikinta, wato ma'ajiyar bayanai, ka canza shi da SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, za ka ji kamar sabuwa aka ba ka. Sannan ka sa mai gyara ya buɗe ya duba ko RAM ɗin, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, na karɓar ƙari, domin wasu a manne yake da allon ciki. In yana karɓa, ka kai shi 16. Waɗannan biyun ba su kai ko kusa da kuɗin sabuwar kwamfuta ba.

Abin da zai gwada ka shi ne lissafin nan. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu katun sukan bar zane ɗaya ya tsaya na hoto biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan zane 720, minti biyar kuwa 3,600. Babu kwamfutar da za ta ɗauke maka wannan zaman. Shi ya sa nake roƙonka kada ka fara da tatsuniya sukutum. Ɗauki guntu ɗaya, misali Gizo ya leƙa rumbu ya waiga ko ana ganinsa, daƙiƙa 20 kacal, ka gama shi tsaf har da murya. Ka koyi dabarun rage aiki: tafiyar ƙafa zane takwas da ake maimaitawa, bango ɗaya da za a yi ta amfani da shi, jiki a tsaye baki kawai na motsi.

Kuma ka san ba kai ne farau ba a yankinmu. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya yi zama a Tahoua ya rasu a 2015, tun shekarun 1960 yake haɗa katun da hannunsa, da kwaɗi a matsayin 'yan wasa, lokacin babu kwamfuta ko ɗaya a gabansa. A Japan ma, Makoto Shinkai ya fitar da fim na kusan minti 25 a 2002, wanda kusan shi kaɗai ya zana ya haɗa a kwamfutarsa ta gida. Wayar da ke aljihunka yanzu ta fi waccan kwamfutar ƙarfi.

Ranar da ka koma 3D, a lokacin ne za ka nemi kwamfuta mai katin hoto na daban, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, irin na kamfanin Nvidia. Ko a lokacin ma, ka ware wa wutar lantarki kasonta na kuɗi kafin komai, domin in kwamfutar tebur ka saya, ba ta da batir, ana ɗauke wuta ta mutu da aikinka a ciki. Ka saba da fitar da fim hoto-hoto a tsarin PNG maimakon bidiyo guda. In wuta ta yanke a hoto na 400, sai ka ɗora daga na 401. Kada kuma ka ɗora laftof a kan katifa tana aiki, musamman a zafin Afrilu, kuma ka riƙa sa a hure mata ƙurar hunturu daga fanka.

Tambaya: 'Yata mai shekara 15 ta cika littattafanta da zane, yanzu tana motsa su a wayata da manhajar FlipaClip. Ina so in saya mata allon zane na kwamfuta. Na ga mai gilashi da ake ganin zanen a kai, na ga marar gilashi mai araha. Wanne ya dace? Daga wani uba a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri, ya raya ta. Iyaye da yawa ƙwace littafin suke yi, kai kuwa ka zauna kana tunanin abin da za ka ƙara mata.

Ka sayi marar gilashin. Da farko za ta ji banbaraƙwai, hannu na ƙasa ido na kallon kwamfuta, amma cikin mako ɗaya ko biyu hannun yake sabawa. Ba ya fashewa da sauƙi, wutarsa daga kebul ɗin USB take, kuma ƙwararru da yawa da shi suke aiki har yau. Mai gilashi ya ninka shi tsada, yawancinsu kuma ba sa aiki su kaɗai, sai an jona su da kwamfuta.

Sunayen da za ka tarar a kasuwa su ne Wacom ta Japan, da Huion da XP-Pen na Sin. Duk ukun suna yi. Kada mai shago ya ruɗe ka da cewa wannan yana jin matsi mataki 8,192 wancan kuwa 4,096 ne, hannun mai koyo ba zai bambance ba. Abin dubawa shi ne alƙalamin ya zama marar buƙatar caji, a haɗo da ƙarin bakin alƙalami domin yana cinyewa, sannan tunda a waya take aiki, ka tambaya ko samfurin yana jonuwa da Android. In na hannu ne, a gwada shi a gabanka, ta ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan a ga ko yana yankewa.

Tambaya: Wani mai shago ya ce in ba shi kuɗi kaɗan ya saka min manhajojin haɗa katun na kuɗi, Adobe Animate da Toon Boom, waɗanda aka fasa. In karɓa?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Kayan mutane ne aka ɗauka ba da izini ba, kuma irin waɗannan manhajojin su ne babbar ƙofar cutar kwamfuta. Ni kaina na taɓa rasa aikin wata uku ta wannan hanyar, har yau ina jin zafinsa. Ga na halal kyauta: Krita don zane hoto bayan hoto, Pencil2D in kwamfutarka mai rauni ce ƙwarai, Synfig in kana son haɗa wa zane ƙasusuwa kana lanƙwasa shi, da OpenToonz, wadda aka saki kyauta a 2016 daga manhajar da kamfanin katun na Ghibli da ke Japan ya daɗe yana aiki da ita. Ga kuma Blender, wadda ta zama ta kowa tun 2002, tana yin 3D tana kuma yin 2D. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta wata shida. Ni Krita nake ba mai farawa. Wajen rubuta suna a fuskar fim kuma, ka nemi salon harafi mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar Noto Sans, kada ƙasa ta koma kasa.

Tambaya: Na gama katun na minti biyu don yaran makarantarmu a Kaduna, amma murya ba ta fita sosai, bakin kuma ba ya tafiya da magana. Makirfo mai tsada zan saya?

Amsa: Malama, barka da ƙoƙari, gama minti biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Ina kyautata zaton kin yi zanen ne sannan kika ɗora murya. Juya shi za ki yi: a fara naɗar murya, a saka ta cikin manhaja, sannan a zana baki a kanta. Siffar baki biyar ko shida ta isa: a rufe don m da b da ɓ, a buɗe don a, a miƙe don i da e, a zagaye don o da u. Ki lura, jadawalin bakin da ake samu a intanet don Turanci aka yi shi, inda f ke fita da haƙori a kan leɓe. Mu kuwa da leɓɓa biyu muke furta ta, don haka ki dubi madubi ki zana abin da bakinki ya yi. Manhajar Papagayo kyauta ce, tana taimakawa wajen jera siffofin a kan murya.

Game da makirfo, ɗaki ya fi shi muhimmanci. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ko matsakaici mai USB, ya wadatar. Ki shiga ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, ki kashe fanka, ki jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. Ki bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo. Sai ki share ragowar ƙara da Audacity, ita ma kyauta.

Ragowar kuɗin ki ajiye don kiɗa. Kada ki ɗauko waƙar wani ki saka, domin YouTube na gane ta da kanta, kuɗin tallan ya koma wa mai ita ko a toshe bidiyon. Ki nemi mai gurmi ko mai kalangu a unguwarku, ki biya shi ya kaɗa miki na minti biyu, ku rubuta yarjejeniya a takarda cewa ya yarda ki yi amfani da shi, sannan ki saka sunansa a ƙarshen fim.