Ina son buɗe wajen sayar da motoci a Sakkwato, wane lasisi zan nema?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni matashi ne a Mabera, shekara shida ke nan ina dillancin motoci. Ba ni da fili, waya ce shagona: in haɗa mai sayarwa da mai saye in karɓi la'adata. Yanzu yayana da ke aiki Abuja ya ce zai zuba kuɗi mu kama fili bakin titi, mu fara da mota biyar 'yan Kwatano da na hannu. Wani ya ce sai na yanki lasisin dila, wani ya ce rajistar CAC ta isa, wani kuma ya ce in na shiga ƙungiya shi ke nan. Wanga lamari ya ɗaure mani kai. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka, ya saka wa yayanka da alheri. Mutanen nan uku kowa ya faɗa maka wani yanki na gaskiya. Babu wata takarda ɗaya tilo da za ka riƙe ka ce ka gama. Ƙofofi ne, kuma in ka tsallake ta farko ta biyu ba ta buɗuwa.

Ka fara da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Ana yi ta intanet, kuma za a nemi lambarka ta NIN. Zaɓi biyu ne a gabanka: rajistar sunan kasuwanci, ko cikakken kamfani mai hannun jari. Ta farko ta fi sauƙi da araha, amma in bashi ya hau kasuwar, kai ya hau, har gidanka ana iya bi. Tunda da kuɗin yayanka a ciki, ni kamfani zan ce ku yi, a rubuta kason kowa baƙi da fari. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa mafi ƙarancin jarin da ƙaramin kamfani zai bayyana naira 100,000 ne, ka ga ba abu ne na manyan attajirai kaɗai ba. Kada ka ji kunyar rubutu tsakaninka da ɗan uwanka. Na ga zumunci ya lalace a kan mota ɗaya da aka sayar bashi, saboda ba a taɓa zama an faɗi wa ke da ikon ba da bashi ba. Kuma kowace shekara akwai bayanin da ake miƙa wa hukumar, kada ka manta da shi, tara ke taruwa.

Daga nan sai lambar haraji, TIN, sannan takardar da dillalai da yawa ba su san da ita ba sai banki ya maido su gida: takardar SCUML. Wannan sashe ne a ƙarƙashin EFCC. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sanya masu sayar da motoci cikin 'yan kasuwar da dole su yi rajista da shi, tare da masu sayar da gwal da dillalan gidaje. Rajistar kyauta ce, ta intanet ake yi, kuma banki zai neme ta kafin ya buɗe wa kamfaninka asusu. Abin da ke cikin dokar da ya shafi aikinka na kullum shi ne: mutum ɗaya ba zai biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba sai ta banki, kamfani kuma miliyan 10. A farashin yau, Corolla mai lafiya ta wuce wannan. Don haka in Alhaji ya zo daga ƙauye ya sayar da shanu, ya ɗauko kuɗi a buhu, ka karɓe shi da mutunci, ka ba shi ruwa, ka raka shi banki a zuba a asusu. Dokar ta kuma ce ka san wanda kake ciniki da shi, ka rubuta, ka adana bayanin aƙalla shekara 5.

Abin da mutane ke kira lasisin dila kuwa na jiha ne. Ka tafi ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato da takardun CAC da adireshin filinka, ka nemi rajistar dila da lambar dila, wadda ake ɗaura wa motar da ba a riga an yi mata rajista ba. Ka je da ƙafarka, ka biya ta banki, ka karɓi rasit. Akwai kuma kuɗin rajistar wurin kasuwanci na jiha da na ƙaramar hukumar da filin yake, ko Sakkwato ta Kudu ce ko Wamakko. Shi kansa filin, ka yi yarjejeniyar haya a rubuce, ka tabbata bai ci gefen titi ba.

Ƙungiyar dillalan motoci, AMDON, ka shige ta. Tana da amfani wajen sulhu da jin labarin motar sata da wuri. Amma katinta ba takardar gwamnati ba ne.

To yanzu ka gyara zama, don nan ne na fi so ka ji ni. Duk takardun da na lissafa kai suke rufa wa asiri, ba motocin ba. Kowace mota da za ta taka filinka da nata lasisin, shi ne takardar kwastan. Mu nan kilomita tamanin da wani abu ne tsakaninmu da Illela da ke bakin iyaka, daga can kuwa Ƙwanni ta Nijar ana hango ta. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma ko da aka sake buɗe iyakar Illela a Disamba 2020 bayan rufewar 2019, ba don motoci aka buɗe ta ba. Duk da haka za a kawo maka mota fes, mai sheƙi, a farashin da zai sa ka rasa barci, a ce takardu na hanya. Araha ba ta ado, ɗana.

Ni ta taɓa ni. Shekarun baya wani mutum da muka saba ya kawo mani Camry da takardu hoto, ya ce na asali suna Legas. Na yarda da shi na saya, na sayar wa wani malamin makaranta da ya yi shekaru yana tara kuɗin. Bai yi wata biyu ba aka tsare shi a hanyar Gusau da iyalinsa a ciki, aka duba aka ga lambar da ke takardar ta wata mota ce daban. Da ya kira ni muryarsa na rawa. Na sayar da filina na mayar masa da kuɗinsa, wanda ya kawo motar kuwa ban sake ganinsa ba. Asarar filin ta wuce, amma tsayuwar matar malamin nan da yara a bakin hanya cikin rana har yau tana damuna. Waɗanda suke kasuwar a 2019 kuma za su gaya maka yadda kwastan suka rufe wuraren sayar da motoci a faɗin ƙasar nan don binciken haraji. Ranar babu wanda katin ƙungiya ko sanayya ta cece shi. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka karɓi takardar SGD, wato takardar bayyana kaya ga kwastan, da ke ɗauke da lambar kwastan, da takardar ƙiyasin haraji, da rasit ɗin biya. Ka duƙa da kanka ka karanta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka kai ofishin kwastan a tantance maka, don ana buga takardar bogi da ido ba ya rabewa. Wani lokaci ma takardar ta gaske ce amma an rage shekarar motar don a biya kaɗan, kuma cikon a kan wanda aka same ta hannunsa yake faɗawa.

Ta hannu kuwa tsoronta sata ne. Sunan da ke takardar mallaka ya zama shi ne mutumin da ke gabanka, ko ya kawo shaidar yadda ta zo hannunsa. Ka ɗauki hotonsa da na katinsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a duba motar a rajistar motoci ta 'yan sanda. Ka sayi babban littafi mai bango, kowace mota shafinta: daga wa ta fito, ranar da ta shigo, lambar shasi da ta inji, wa ya saya, nawa. Ka fara da mota uku masu cikakkun takardu, sauran kuɗin yayanka su zauna a asusu har ka gane kan kasuwar.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce a Arkilla. Na sayi mota wata uku da suka wuce, har yanzu da lambar dila nake zuwa aiki, mai wurin ya ce ba komai. Haka ne?

AMSA: Da komai, 'yata. Lambar dila ta wurin ce, don kai mota daga wuri zuwa wuri da gwada ta kafin ciniki. Tunda kin biya, ki karɓi takardun kwastan na asali da rasit da yarjejeniyar ciniki, ki je ofishin lasisi a yi mata rajista da sunanki, ki yanki inshora, ki mayar masa da lambarsa. In ya fara ja da baya wajen ba ki takardun kwastan, ki ajiye motar a gida, ki ɗauki wani babba cikin danginki ku koma wurinsa a wannan makon.