Tambaya da Amsa: Me Ya Cinye Jiragen Yaƙin Italiya a Afirka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na ji ana cewa a Yaƙin Duniya na Biyu rairayi ya kassara jiragen saman Italiya a Libiya tun kafin Ingilishi su harbe su. Yaya ƙura za ta kayar da jirgin sama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kai da kake buɗe inji kullum za ka fi kowa gane wannan. Jiragen wancan zamani injin fistin gare su kamar na mota, sai dai yawancin na Italiya silindojinsu a kewaye suke kamar faifai, iska ce ke sanyaya su, babu lagireto. Jirgin faɗa Fiat CR.42, alal misali, injinsa silinda 14 ne, ƙarfin doki 840.

Ɓarnar tana farawa ne a ƙasa. Filayen hamada ba kwalta, da an tayar da inji farfela sai ta tashi rairayi, kafireta ta shaƙe shi, jirgin da ke baya kuma ya sha ƙurar na gaba. In rairayin ya gauraya da baƙin mai sai ya zama kamar samfefa: ya cinye ringi, ya karce bangon silinda, ya hana bawul rufewa daidai. Daga nan inji ya soma shan baƙin mai, fulogi ya jiƙe, ƙarfi ya ragu, zafi ya hau. Mota in ta yi haka sai a faka ta a gefen hanya. Jirgin da ya ɗauko bama-bamai cikin zafin rana, in inji ɗaya ya yi rauni lokacin tashi, faɗuwa ce.

Maganin shi ne matatar iska a bakin kafireta, amma ita ma da kuɗinta, don tana rage iskar da inji ke samu. Breda Ba.88 ne ya fi nuna haka. Jirgi ne da ya kafa tarihin gudu kafin yaƙi, amma da aka ɗora masa makamai aka sa masa matatar rairayi a Libiya a 1940, sai injinansa suka riƙa zafi, ya kasa hawa sama yadda ake so. Ƙarshenta aka jera su a filayen jirgi don yaudarar masu kawo hari.

Sai kuma kayan gyara, waɗanda duk sai an ƙetaro da su Bahar Rum. Jirgin da ke jiran inji ko taya ba ya gudu. Da Ingilishi suka kawo farmaki daga Masar a Disamba 1940, Italiyawa suka ja da baya, an tarar da jirage masu yawa yashe a filayen jirgi na El Adem da Benina a Libiya, waɗansu a ƙone, waɗansu an kwashe sassansu an gyara 'yan'uwansu.

Tambaya: Kakana yana cikin sojan Najeriya da suka je yaƙin Habasha. Yakan ce sun iske jiragen Italiya a kwance a filaye. Me ya hana su tashi? Daga wata mai karatu a unguwar Kusugu, Daura.

Amsa: Allah ya jiƙan magabata, Malama. Maganar Baba tana kan hanya. Birged ta 23 ta sojan Najeriya ta shiga Magadishu, a Somaliyar da ke hannun Italiya, ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta nausa arewa ta Jijiga da Harar, aka karɓi Adis Ababa ranar 6 ga Afrilu.

Tun ranar 10 ga Yuni 1940 da Italiya ta shiga yaƙi, sojanta na Gabashin Afirka suka zama a killace, don mashigin Suwes yana hannun Ingila. Jirgin da ya faɗi ba a maye gurbinsa ta teku. Dabarar da suka yi ita ce su kwance fikafikan CR.42, su cusa shi cikin babban jirgin kaya SM.82, a ƙetara da shi hamada ta sama. Guda 51 aka kai ta wannan hanya, abin da bai kai ya cike giɓin ba. Sauran, hari a ƙasa da rashin kayan gyara ne suka kwantar da su.

Tambaya: Da gaske ne Italiyawa sun harbo jirgin gwamnansu da hannunsu? Daga wani ɗalibi a Sabon Layi, Katsina.

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. Italo Balbo, gwamnan Libiya kuma fitaccen matuƙi, ya zo sauka Tubruk, a gaɓar Libiya, ranar 28 ga Yuni 1940 cikin jirgin bama-bamai samfurin SM.79, jim kaɗan bayan jiragen Ingila sun gama ruwan bama-bamai a wurin. Masu bindigogin kakkaɓo jirage, na tudu da na jirgin ruwan yaƙi San Giorgio, suka ɗauka abokan gaba ne suka dawo. Babu wanda ya tsira a jirgin. Tushen abin rashin sadarwa ne tsakanin sama da ƙasa, ciwon da ya daɗe yana damun rundunar Italiya. Jiragen faɗa da yawa ma ko rediyo babu a cikinsu.

A ganinmu akwai labarin da ya fi wannan ban tausayi, kuma ya fi koyar da yadda hamada take. Ranar 21 ga Afrilu 1941 wani SM.79 mai lamba MM.23881 ya tashi daga Bangazi don kai wa jiragen ruwa hari kusa da tsibirin Kirit, bai dawo ba. Kowa ya ɗauka teku ya faɗa.

Matuƙin wancan lokaci da kamfas da agogo da ma'aunin gudu yake lissafin inda yake. Kuskuren digiri ɗaya kan jawo kaucewar kusan kilomita ɗaya a kowane kilomita 60. Iskar gefe ta fi haka haɗari: in tana gudun kilomita 50 a awa ba a lura ba, cikin awa uku ta ture jirgi kilomita 150. Da dare kuwa, ga garuruwa an kashe fitilu saboda hari, teku da rairayi duk baƙi ne daga sama. Mutum sai ya wuce gaɓa yana tsammanin har yanzu yana bisa ruwa, ya yi ta miƙawa kudu har mai ya ƙare.

A watan Yuli 1960 masu neman man fetur suka tsinci ƙasusuwan wani sojan sama kusa da hanyar Jalu zuwa Jagabub a hamadar Libiya. Giovanni Romanini ne, ɗaya daga cikin mutanen jirgin. A watan Oktoba aka gano jirgin kansa can cikin rairayi, kusan kilomita 500 daga Bangazi. Daga inda jirgin yake zuwa inda Romanini ya faɗi kusan kilomita 90 ne, a ƙafa, kuma 'yan kilomitoci kaɗan suka rage masa ya kai hanyar da motoci ke bi.