Filin Masu Keke: Tudu, gangara da ratsa kurmi

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na saba yin kilomita 60 a keke a miƙaƙƙiyar hanya ko gezau, sai abokaina suka ja ni wata kwalta da ta bi ta cikin karkara, tudu bayan tudu ga dazuzzuka, wai kilomita 40 ce kawai, wallahi kafin mu kai rabi ƙafafuna sun mutu har sai da na sauka ina tura keke suna jirana a sama suna dariya. Ƙarfi ne ba ni da shi ko keken ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ƙarfinka na nan, lissafin ne ya yaudare ka. Kai kilomita ka duba, ita kuma hanyar tudu ba da kilomita kaɗai ake auna ta ba, akwai lamba ta biyu da ya kamata ka tambaya tun kafin ka ɗora ƙafa a feda, wato jimillar mita nawa za a hau daga farko zuwa ƙarshe. Manhajoji irin su Strava da Komoot duk suna nuna wannan in ka zana hanyar. Sai ka raba mitocin da kilomitocin. In ka ga kusan mita 10 a kowace kilomita to akwai tudu amma za a sha, in kuwa ta kai 20, misali kilomita 40 ɗin nan a ce hawan mita 800 ne a ciki, to gaskiya wannan ta fi 60 ɗinka na fili cin rai nesa ba kusa ba.

Sannan akwai tsinin tudun kansa, wanda ake faɗa da kashi cikin ɗari. Kashi 5 na nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 5. Wannan kowa zai hau yana hira. Daga kashi 8 hira ke ɗaukewa, kashi 12 zuwa sama kuwa sai dai kowa ya ji da kansa. Shahararren hawan nan na Alpe d'Huez a Faransa da ake bi a gasar Tour de France, kilomita 13.8 ne da lanƙwasa 21, matsakaicin tsininsa kashi 8.1, kuma shi aƙalla ka san abu ɗaya ne dogo, ka samu bugun fedar da ya yi maka ka zauna a kai har sama. Ni a ganina irin hanyar da abokanka suka kai ka ta fi mugunta ta wani fannin, don gajerun tuddai ne a jere, ka hau ka sauka ka sake hawa, jiki bai taɓa samun bugu ɗaya ya zauna ba. Irin wannan ƙasar ce ta yankin Ardennes a Beljiyam, tuddai da kurmi, inda ake tseren Liège-Bastogne-Liège tun 1892, babu wani ƙaton dutse a hanyar amma in aka tara hawan yini guda sai ya haura mita 4,000, ƙwararru ma a galabaice suke isa.

Yanzu batun keken. Juya shi ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba da na babban faifan baya. Da yawa daga tsofaffin kekunan tsere 39 ne a gaba 25 a baya, kaga duk zagaye ɗaya na feda keken zai yi wajen mita 3.3, a kan tudu mai tsini wannan nauyi ne ba na wasa ba, gwiwa ce ke biya. In ka koma 34 a gaba 32 a baya, zagaye ɗaya wajen mita 2.2 ne kawai, tafiyar ta ragu amma ƙafa na juyawa, kuma abin da ake so kenan, ka riƙa juya feda kamar sau 70 zuwa 80 a minti ba ka tsaya kana danna ta da dukkan nauyinka ba. Kafin ka sayi faifan dai ka nuna wa mai gyara ya duba ko abin canja giyar bayanka zai ɗauki babban faifai, wani lokaci sai an ƙara tsawon sarƙa. Kuma dan Allah ka sauke giya tun kana gindin tudu, kar ka bari sai ka maƙale a tsakiya sarƙa ta ɗaure tana ƙara ƙas ƙas sannan ka fara laluben giya. Su masu dariya kuwa ƙyale su, mafi yawa da gudu suke fara hawan, a kashi na ukun ƙarshe ake gane waye waye.

TAMBAYA: Malam ni hawan bai dame ni ba, gangara ce ke ba ni tsoro musamman in hanya ta shiga cikin itatuwa, nakan riƙe birki tun daga sama har ƙasa hannuna ya yi tsami. Haka ake yi? Daga wata 'yar uwa.

AMSA: 'Yar uwa tsoron nan naki yana da hujja, ni na fi yarda da mai tsoron gangara a kan wanda ke sakin keke ido rufe. Amma riƙe birki tun daga sama ba shi ba ne. In birkinki irin mai kama rim ne, gogar da ba hutu na sa rim ya ɗau zafi sosai a doguwar gangara har tif na iya fashewa, mai faifai ma in ya yi zafi kamunsa na raguwa. Abin da ake yi shi ne ki matse da kyau inda hanya take miƙe, gudu ya sauka, ki saki ya sha iska, ki sake matsewa kafin kwana. Kafin kwana fa, ba a cikinta ba. Birkin gaba shi ne ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, kar ki guje shi, ki dai ja jikinki baya kan sirdi ki matsa a hankali tare da na baya. A cikin kwana fedar da ke waje ta kasance ƙasa kin taka ta da nauyi, idonki kuma na kallon inda za ki fita, don keke inda ido ya kalla yake bi, kika ƙura wa rami ido to cikinsa za ki.

Cikin kurmi kuma hanya na da nata hali. Rana ba ta kai wa kwaltar, sai ki fito daga busasshiyar hanya ki faɗa wuri mai danshi ko da an kwana biyu ba ruwa, ga ruɓaɓɓen ganye da ya manne a gefe, ga gansakuka, ga tsakuwar da ruwa ya wanko ya zube daidai kan kwana, duk santsi ne. Sai kuma wannan haske da inuwa da ke gilmawa ta tsakanin rassa, ido bai gama sabawa da duhu ba an sake watso masa rana, rami sai kin zo kansa za ki gan shi. In gilashinki mai duhu ne sosai ki cire ko ki sa mai haske, ki kunna jar fitilar baya ko da tsakar rana don direban da ya shigo inuwa shi ma bai gani sosai, kuma ki tsaya a hannunki a duk kwanar da ba kya hango ƙarshenta. Taya mai faɗin milimita 28 ko 32 da ba a cika mata iska tam ba ta fi siririya kama ƙasa a irin wannan wuri. Hular kwano kam ba sai na faɗa ba.

TAMBAYA: Me zan ɗauka in zan yi irin wannan hanya ni kaɗai? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena, tif na safaya, famfo, kayan faci, ruwa fiye da yadda kake zato, da ɗan abin da za ka jefa a baki duk bayan kamar minti 45 tun kafin yunwa ta zo. Sauke taswirar a waya tun daga gida don sabis kan ɗauke a cikin kwari da daji, kuma ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da za a sa ran dawowarka. In hawan mai tsawo ne ka cusa 'yar riga mai tare iska a aljihu, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, ka iso sama jiƙe da gumi iskar gangara ta buge ka sai ka ji yatsu sun ƙage, kuma da su za ka kama birki.