Me Ya Haɗa Dodanni Da 'Yan Sakandare A Finafinan Amurka?

Tambaya: Ƙannena sun maƙale wa wasu finafinan Amurka da ake nuna dodanni da masu shan jini a makarantar sakandare, ga tsoro ga ban dariya. Me ya kawo wannan haɗin, kuma ya dace yara su riƙa kallo?

Amsa: Malama, dodon da ke cikin irin waɗannan finafinai galibi balaga ce aka lulluɓe da fatar dodo. Dubi Teen Wolf na 1985. Michael J. Fox ya fito a matsayin ɗalibin da gashi ya fara tsiro masa ko'ina, farata suka zazzago, ya rikiɗe ya koma kerkeci. Duk wanda ya taɓa zama ɗan shekara 15 ya san wannan fargaba, jiki na sauyawa ba da shawararsa ba, ga idon abokai a kansa. Abin dariyar kuwa, maimakon a guje shi, sai ya zama gwarzon ƙwallon kwando na makarantar.

Buffy the Vampire Slayer na 1992, wanda Joss Whedon ya rubuta, ya juya lissafin. Kyakkyawar yarinyar da aka saba kashewa tun farkon fim ita ce ke farautar masu shan jini. Fim ɗin bai yi wani armashi ba a ganina, shirin talabijin ɗinsa na 1997 zuwa 2003 ne ya fito da ma'anar, inda makarantar kanta ke zaune a kan ƙofar jahannama.

Akwai kuma lissafin kasuwa. Matasa na cikin manyan masu sayen tikitin silima a Amurka, kuma tun da aka ƙirƙiro matakin PG-13 a 1984, wato alamar tace finafinai da ke gargaɗin iyaye cewa ba lallai fim ya dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, kamfanoni suka samu damar tsoratar da su ba tare da an hana su shiga ba. Barkwanci na rage kaifin tsoron.

Batun dacewa kuwa, kada kayan makaranta su ruɗe ki. Jennifer's Body na 2009 da Freaky na 2020 duk matakin R aka ba su, wato ɗan ƙasa da shekara 17 sai da babba. Akwai zubar da jini da maganganun batsa a cikinsu. Ki duba matakin kafin su kunna, kuma ko mai PG-13 ne ki fara leƙawa da kanki, domin Amurkawa da ma'aunin tarbiyyarsu suka auna shi.