Minti talatin tsakanin Mosko da Washinton

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Zariya. Littafin da muke koyarwa da shi ya taɓa rikicin Kyuba na 1962 a layi uku kacal. Me ya haddasa shi, kuma da gaske ne an kusa gwabza yaƙin nukiliya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An kusa, fiye ma da yadda shugabannin ƙasashen biyu suka sani a lokacin.

Asalin abin lissafin nisa ne. Amurka ta girke makaman nukiliya masu linzami samfurin Jupiter guda 15 a Turkiyya da 30 a Italiya, wato a bakin ƙofar Tarayyar Sobiyet. Su kuwa Sobiyet makamansu da za su iya kaiwa Amurka daga gida ba su da yawa. Sai shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya ga hanya mai sauƙi: a kai masu matsakaicin zango Kyuba, mai nisan kilomita 150 kawai daga jihar Fulorida, a kuma kare jagoran Kyuba Fidel Castro, wanda Amurka ta riga ta yi yunƙurin kifarwa a 1961. Samfurin R-12 da aka kai yana cin kusan kilomita 2,000, Washinton na cikin zangonsa.

Ranar 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 ya ɗauko hoton sansanonin makaman a Kyuba. Ranar 22 ga wata shugaban Amurka John Kennedy ya sanar da duniya, ranar 24 jiragen ruwan yaƙin Amurka suka yi wa tsibirin ƙawanya. Janar-janar ɗinsa sun so a yi luguden wuta a kuma mamaye tsibirin, suna zaton sojan Sobiyet da ke can ba su wuce 10,000 ba. Ashe sun haura 40,000, kuma suna da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga waɗanda za a iya harbawa kan sojan da suka sauka bakin teku. Amurka ba ta san wannan ba sai bayan shekara 30.

Ranar da ya kamata ku tsaya a kanta da ɗalibanku ita ce Asabar, 27 ga Oktoba. A yini ɗaya aka harbo U-2 a sararin Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu, kuma ba Khrushchev ne ya ba da umarnin ba. Wani U-2 ɗin ya ɓata hanya ya kutsa sararin samaniyar Sobiyet ta gabas mai nisa. Can a teku kuma jiragen Amurka suka riƙa sakin ƙananan bama-baman gargaɗi a kan B-59, jirgin yaƙin Sobiyet mai tafiya ƙarƙashin ruwa, don su tilasta masa fitowa, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Baturansa sun kusa ƙarewa, zafi ya addabi mutanen ciki, ga shi ba sa jin Mosko. Waɗanda suke ciki sun faɗa daga baya cewa kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya riga ya ɓarke, har ya so a shirya makamin, amma Vasili Arkhipov, babban hafsa a rundunar, ya kwantar da shi, jirgin ya fito sama. Ku lura, a cikin ukun nan babu wanda shugaban ƙasa ya tsara.

A daren nan Robert Kennedy, ƙanin shugaban Amurka kuma ministan shari'a, ya gana da jakadan Sobiyet Anatoly Dobrynin. Aka daidaita cewa Amurka za ta yi alkawari a fili ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma za ta janye Jupiter daga Turkiyya. Washegari Khrushchev ya sanar ta Rediyon Mosko cewa zai kwashe nasa. An cire na Turkiyya a Afrilun 1963.

Tambaya: Malamai, tunda kowa ya san in ya harba shi ma za a ƙone shi, wa zai fara? Ni ina ganin kurari ne kawai, kamar na 'yan dambe kafin a shiga fili. Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce. Tsoron ramuwa ya hana kowane ɓangare farawa da gangan. Matsalar tana wurin agogo.

Makami mai linzami da ke ƙetare nahiyoyi yana ɗaukar kusan minti 30 daga Rasha zuwa Amurka. Wanda aka harbo daga jirgin ƙarƙashin ruwa kusa da gaɓa bai kai rabin haka ba. A cikin wannan ɗan lokaci, tauraron ɗan'adam ne zai fara hango zafin wutar da ke fita daga gindin makamin. Rada ta ƙasa ba za ta gan shi ba sai ya taso sosai, saboda lanƙwasar doron ƙasa. Daga nan jami'an da ke aiki su tantance, su kira manyan hafsoshi, su kuma su taso shugaban ƙasa, wataƙila daga barci. Abin da ya rage masa mintoci ne da za a ƙirga da yatsu. In ya jira, ana iya ragargaza makamansa a cikin ramukansu. In ya harba, jirgin sama ana iya kiransa ya juyo, amma makami mai linzami in ya tashi ya tashi ke nan.

Na'urorin kuwa suna kuskure. Ranar 9 ga Nuwamba 1979, a cibiyar tsaron sararin samaniyar Amurka, an loda bayanan atisaye cikin kwamfuta mai aiki, allo ya nuna gagarumin hari daga Sobiyet. A Yunin 1980 wata 'yar ƙaramar ƙwayar lantarki da ba ta kai dala ɗaya ba ta lalace, ta riƙa nuna adadin makamai na ƙarya. Duka biyun an gane ne da aka duba sauran na'urori aka ga ba su ga komai ba.

Mafi tayar da hankali shi ne na 26 ga Satumba 1983, makonni uku bayan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu mai ɗauke da mutum 269, lokacin da kowa ke a ɗarare. Laftanar Kanar Stanislav Petrov yana aikin dare a wata cibiya kusa da Mosko sai na'ura ta nuna makami ɗaya ya taso daga Amurka, sannan ƙarin huɗu. Ya auna abu uku: wanda zai fara yaƙi irin wannan ɗaruruwa zai harbo ba biyar ba, rada ba ta ga komai ba, kuma tsarin sabo ne. Ya shaida wa na sama cewa kuskure ne. Daga baya aka gano hasken rana ne ya haska gajimare masu nisa, tauraron ya ɗauka wutar makami ce. Ɗan dambe ai yana ganin abokin karawarsa ido da ido. Waɗannan allo suke kallo.

Tambaya: Ana ta cewa akwai jan tarho a teburin shugabannin biyu. Yana nan har yanzu? Daga wata baiwar Allah a Kumasi.

Amsa: Hajiya, layin yana nan, amma bai taɓa zama jan tarho ba. A rikicin Kyuba wasiƙar Khrushchev ta 26 ga Oktoba ta ci kusan awa 12 kafin a gama karɓa da warware ta, shi ya sa aka rattaba hannu kan yarjejeniyar layin kai-tsaye a Janeba ranar 20 ga Yunin 1963. Na'urar buga saƙo a rubuce aka zaɓa da gangan, don magana da baki cikin fushi, ga tafinta a tsakani, tana iya ɓata abin da aka zo gyarawa. Kowa da harshensa yake rubutawa, mai karɓa ya fassara. Wayar ta bi ta Landan, Kofanhagin, Sitokhom da Helsinki. An yi amfani da ita sosai a yaƙin kwana shida na 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, daga baya aka koma tauraron ɗan'adam, a 2008 kuma aka mayar da ita kwamfuta.

Tambaya: To mu nan wannan takara ta taɓa shafarmu kuwa? Kuma yanzu nawa suka rage? Daga ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ta shafe mu. Faransa ta yi gwajin bom ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga hamada zuwa kudu. Bayan gwaji na uku a ƙarshen shekarar, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961. Sai batun yuraniyom, ma'adinin da ake amfani da shi wajen lantarki da bom na nukiliya. Wanda ake haƙowa a Arlit a Nijar, kamar kowane yuraniyom da aka haƙo, nau'in da ke tarwatsewa bai wuce kashi 0.7 cikin 100 a cikinsa ba. Tashar lantarki tana buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, bom kuma kusan kashi 90, kuma a wannan tacewa wahalar take, ba a haƙa ba.

Game da adadi, a tsakiyar shekarun 1980 duniya ta tara makaman nukiliya kusan 70,000. Yau sun koma wajen 12,000 a hannun ƙasashe tara, kusan kashi 90 cikin 100 na Amurka da Rasha ne. Yarjejeniyoyi ne suka rage su, irin ta 1987 tsakanin Reagan na Amurka da Gorbachev na Sobiyet da ta sa aka lalata makamai masu linzami 2,692. Sai dai wannan ta rushe a 2019, kuma a Fabrairun 2023 Rasha ta dakatar da aiki da ta 2010, wadda ta ƙayyade wa ita da Amurka kowace makaman nukiliya 1,550 da ke girke, ta kuma ba su damar tura masu bincike su shiga sansanonin juna su ƙirga da idonsu.