Tambaya da Amsa: Had-disk ɗina ya cika, zan iya ƙara wasu a ciki?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni a Jos nake, ina editin bidiyon biki da suna. Kwamfutar tebur gare ni, HP Z440 'yar Beljiyam, had-disk ɗaya ne a ciki 1TB kuma ya cika dam har ya koma ja, sai na goge aikin wani kafin in sa na wani. Ina so in ƙara biyu a ciki, na gaji da na waje mai USB. Zai yiwu? Me zan saya?
Daga mai karatu a Jos

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Zai yiwu mana, ai irin wannan injin don haka aka ƙera shi. Amma kar ka fara da kasuwa, fara da buɗe murfin tukuna. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, sannan ka taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ka sa hannu ciki, balle ku da hunturunku na Jos, wannan ɗan tartsatsin da ke fizgar mutum in ya taɓa ƙofar mota shi ne ke kashe bod shiru ba ƙara ba hayaƙi.

In ka buɗe duba ko akwai gurbin zama na inci 3.5 da ba kowa, da ramin SATA (inda ake jona kebul ɗin had-disk) a kan madabod, wato babban bod ɗin kwamfutar, da kan wayar wuta mai faɗi ɗin nan mai fin 15 da ke fitowa daga fawa, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Z440 gurbi biyu gare ta na inci 3.5, ɗaya naka na ciki, ka ga saura ɗaya, na ukun sai dai ka sa shi a babban gurbin nan na gaba mai inci 5.25 da adafta. Kebul ɗin SATA kuma yawanci ba ya zuwa da had-disk, ka saya tun a shago kar ka koma gida ka yi ta juya abu a hannu. Wuta ba matsala, kowane ɗaya bai kai wat 10 ba in yana aiki. Amma waɗannan wayoyin raba wuta na araha ka guje su, suna narkewa.

Yanzu batun saye. Ni da ni ne, ba zan sayi had-disk biyu ba, zan ɗauki SSD ɗaya (ma'ajiyar da ta fi had-disk sauri) don aikin da nake kai yanzu, da babba ɗaya 4TB don ajiya. Na ajiyar ka nemi nau'in had-disk da ake kira CMR irin su WD Red Plus ko Seagate IronWolf, su ɗaya nau'in, SMR, in ka tura musu bidiyo mai yawa a tashi ɗaya sai su fara tafiyar hawainiya. In kuma na hannu za ka saya, a jona maka shi a gabanka, a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar had-disk, ka ga awa nawa ya yi yana aiki. Ka ga ya nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi? Ajiye musu kayansu, komai araharsa.

Bayan ka jona ka kunna ba za ka gan shi ba, kar hankalinka ya tashi. Shiga Disk Management na Windows, zai tambaye ka tsarin da za a ɗora shi a kai, MBR ko GPT, zaɓi GPT don MBR iyakarsa 2TB ne, sai ka yi fomat. Ka lura da kyau wanne kake fomatin fa, bikin mutane ne a ɗayan! Za ka ga 4TB ɗin ya nuna 3.63TB, ba cuta aka yi maka ba, lissafin Windows da na kamfani ne ya bambanta.

Na USB ɗin da ka gaji da shi kar ka sayar. Duk abin da ke cikin akwati ɗaya wuta ɗaya suke sha, in aka kawo ta da ƙarfi tare za su tafi, ita kuwa amarya ba za ta sake ɗaura aure don kai ba. Riƙa kwafe aikin da ba ka miƙa ba a kan na USB ɗin, ka zare ka ajiye a durowa. In da sauran canji ka haɗa da UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke.