Gas ko propofol a tiyatar jijiyoyin zuciya?

Ɗana, ka tambaye ni wai wanne ya fi in za a yi wa mutum aikin sauya wa jini hanya a jijiyoyin zuciya da suka toshe, a riƙe shi a barci da gas ɗin shaƙa irin su sevoflurane da isoflurane, ko a yi ta ɗura masa allurar barci ta propofol ta jijiya har a gama. To an daɗe ana wannan gardamar, don da cewa ake gas yana kare tsokar zuciya in jini ya yanke mata, sai a 2019 aka fitar da binciken MYRIAD da wani likita mai suna Landoni ya jagoranta, mutum 5,400 a ƙasashe 13, bayan shekara ɗaya waɗanda suka rasu a ɓangaren gas kashi 2.8 cikin ɗari, na allura kashi 3, ka ga ai kusan duk ɗaya ne.

Ni inda hankalina ya fi tashi lokacin sa shi barcin ne. Wannan zuciyar ba ta son gudu, ba ta son jini ya sauka, shi kuwa propofol in ka tura shi da garaje nan take BP zai zube maka, shi ya sa in zuciyar ta yi rauni etomidate, wata allurar barcin, nake ɗauka duk da yana danne cortisol, sinadarin da jiki ke fitarwa don jure wahala, na ɗan lokaci, in bi shi da fentanyl, maganin kashe zafi mai ƙarfi, a hankali a hankali, idona na kan monita, phenylephrine kuma, maganin ɗaga BP, na zuƙe shi a sirinji tun kafin in fara. Wallahi kar ka yi sauri a nan.

A shekarun 1980 fentanyl ake zubawa mai yawa, maikrogiram 50 zuwa 100 a kowane kilo, jini ya zauna daram amma bawan Allah sai ya kwana injin na yi masa numfashi. Yanzu so ake a cire bututun numfashin cikin awa 6 bayan tiyata. In remifentanil ka sa, ɗan'uwan fentanyl, da ka tsayar da shi minti kaɗan ya sake shi, sai ka riga ka ba da mofin don kashe zafi kafin a rufe ƙirji.

Sannan in an hau injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu lokacin tiyatar, huhun ya tsaya, gas ɗin da kake bayarwa ta bututu ba ya isa jini. Tun da safe je ka tambayi mai kula da injin ko akwai abin zuba gas a jikinsa, in babu to propofol ɗinka ya ci gaba da tafiya, musamman lokacin da ake ɗumama jikin, don nan ne mutum ke iya farkawa yana ji amma ba halin motsi.